Masu ciwon suga a asibitocinmu na sha-ka-tafi: wa ke duba musu ido?

Incaji_Maman_Sadiq:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Wani abu ne ya tsaya min a rai tun shekaranjiya, na ce bari in kawo shi nan. Ni ce incaji a wani asibitin sha-ka-tafi a wajen Kano. Duk ranar Talata muke ganin masu suga da masu hawan jini. Akwai wani dattijo, tela ne, shekara tara yana zuwa wurinmu karɓar magani, ban taɓa sanin ya yi fashi ba. Shi ne ma mai tsokanar ma'aikata in layi ya yi tsawo. Shekaranjiya jikansa ne ya riƙo masa hannu suka shigo. Ya ce da asuba ya farka ya ga kamar an watsa masa tawada a idon dama. Na hagun kuwa ashe ya daɗe yana yi masa hazo-hazo, bai gaya wa kowa ba.

Na buɗe foldarsa. Awon suga, awon jini, nauyi, shafi bayan shafi, yawanci da rubutun hannuna. Babu layi ko ɗaya da ya nuna an taɓa duba masa ido.

Da aka tashi aiki na zauna na zazzage foldojin masu suga gaba ɗaya. Sittin da 'yan kai ne, waɗanda na ga alamar an taɓa leƙa bayan idonsu ba su cika goma ba. Kuma ba wai ba ma faɗa ba ne. Muna faɗa, har takarda muke rubutawa a kai asibitin ido. Daga nan kuma shiru kake ji. To ku da kuke wasu asibitocin, da ku masu ciwon kanku, yaya ake yi mutum ya je a duba shi tun yana gani?

Baban_Ummi_Kurna:
Wa alaikumussalam. Allah ya ba Baba lafiya. Hajiya ni mai suga ne, shekara shida ke nan. Amma tsakani da Allah idona garau yake, Alƙur'ani mai ƙananan baƙi nake karantawa ba gilashi. In na je wurin likitan ido ya ce me ke damunka, in ce masa me?

Nas_Ta_Ido:
@Baban_Ummi_Kurna ka ce masa kana da suga, ka zo a duba bayan ido. Ya gane, ba sai ka ƙara komai ba.

Tambayarka ita ce gaba ɗayan matsalar. Can cikin ido, ta baya, akwai wani siririn tantani da hoto ke sauka a kansa, shi likitoci ke kira retina. Jijiyoyin jinin da ke ciyar da shi sun fi gashi siranta. Suga in ya daɗe yana hawa sai ya riƙa cin bangonsu, wasu su kumbura su fara yoyo, wasu su toshe. In sun toshe sai idon ya tsiro da wasu sababbi don ya ceci kansa, su kuwa sababbin ba su da ƙwari, rana ɗaya sai su fashe jini ya cika cikin ido. Tawadar da Baba tela ya gani ke nan. Duk wannan aikin yana iya ɗaukar shekaru ba zafi, ba ƙaiƙayi, ba ja, mutum yana zura zare a allura abinsa. Sai ɓarnar ta taɓa tsakiyar tantanin ko jini ya zuba sannan gani ya ragu.

Ƙa'ida ita ce mai irin sugan manya a duba shi tun ranar da aka gano ciwon, don galibi ya yi shekaru da shi bai sani ba. Mai irin na yara, wanda ke kan allurar insulin tun farko, cikin shekara biyar da ganowa. Daga nan duk shekara, sai in likita ya ce a matso ko a ɗan jinkirta.

Baban_Ummi_Kurna:
Ikon Allah. To ni ai na ci bashin shekara shida ke nan.

Malam_Na_Kemis:
Anti Nas ki ƙara musu da maganar gilashi. Abin da nake gani a shago kullum: mutum sugansa ya hau, ganinsa ya yi dishi-dishi, sai ya tafi bakin kasuwa wurin mai tallan tabarau a faranti, ya yi ta gwadawa yana karanta jarida har ya dace da ɗaya. Bayan sati biyu suga ya sauka, gilashin ya daina yi, ya ce an cuce shi. Ko kuma ya zo min ya ce in ba shi "maganin ɗigawa mai ƙarfi". In ka ce ya je asibiti sai ya ga kamar rowa kake yi masa.

Nas_Ta_Ido:
Haka ne Malam. Wannan dishi-dishin na hawa da saukar suga daban ne, ƙwayar idon ce ke shan ruwa ta kumbura, yana wucewa in suga ya daidaita. Shi ya sa ba ma so a yanka wa mutum gilashi sugansa na sama. Kuma don Allah a gane, awon gilashi ba shi ne duba bayan ido ba. Da yawa in ka tambaye su sai su ce ai an duba ni bara, ashe allon haruffa kawai suka karanta.

Kawu_Fansho:
'Yata Incaji, bari in gaya miki inda takardunku suke zuwa, don ni ma an ba ni. Tawa ta yi wata bakwai a cikin hula. Ba taurin kai ba ne. Lissafi na yi: kuɗin mota zuwa birni da dawowa, ni da yaron da zai raka ni tunda an ce in an ɗiga maganin ba na gani sosai. Kuɗin kati. Abin da za mu ci. Sannan ka yi sammako ka tarar an gama ba da lamba, a ce ka dawo wani satin. Duk wannan a kan idon da ba ya ciwo, alhali kuɗin maganin sugan na wata ma da ƙyar nake haɗawa. Ke kika rubuta takarda kin sauke nauyi, ni kuwa a nan nawa nauyin ya fara.

Incaji_Maman_Sadiq:
Kawu wallahi maganarka ta dake ni, amma gaskiya ce. To daga ƙarshe ka je?

Kawu_Fansho:
Na je, amma sai da 'yar autata ta zo hutu ta tsinci takardar, ta tasa ni gaba kamar ɗan makaranta. An ce akwai ɗan tabo kaɗan a ido ɗaya, in riƙe suga da hawan jini, in dawo bayan wata shida.

Ɗan_Leeds:
Salam. Ni ina zaune a Ingila kuma ina da suga, bari in faɗi yadda ake yi a nan ko za a tsinci wani abu. Ba a jira ka nema. Ranar da likitan unguwa ya rubuta kana da suga, sunanka ya shiga rajista, wasiƙa za ta zo maka gida da rana da lokaci. Duk mai suga daga shekara 12 zuwa sama. Ka je, a ɗiga maka magani, ka zauna kamar minti ashirin, a ɗauki hoton bayan kowane ido, ka tafi. Wanda ya ɗauki hoton ma ba likita ba ne, horo aka ba shi. Wasu ne daban ke karanta hotunan, sakamako ya biyo ka ta wasiƙa. In ba ka je ba a sake rubuto maka.

An fara tsarin a 2003, ya game ƙasar a 2008. Wani bincike da ya fito a 2014 ya nuna cewa a karon farko cikin wajen shekara hamsin, suga ya sauka daga matsayin babban abin da ke makantar da masu shekarun aiki a Ingila da Wales. Daga 2023 kuma wanda aka duba sau biyu a jere ba a ga komai ba, an mayar da shi duk shekara biyu.

Tsohon_Soja_Bompai:
To Malam Bature mun ji. Wasiƙa! A unguwarmu gidan ma ba lamba, wa zai kawo wasiƙar? Ku bar kwatanta mu da inda wuta ba ta ɗaukewa.

Ɗan_Leeds:
Ranka ya daɗe ai ban ce a kwaso wasiƙar ba. Kai yanzu da me kake karanta wannan saƙon? Ba waya ba?

Likitan_Suga:
Yallaɓai Soja, abin ɗauka a maganar Ɗan_Leeds ba kyamara ba ce, ba gidan waya ba ne. Rajista ce. Akwai wani wanda aikinsa ne ya san wa aka duba, wa ba a duba ba. Mu a nan wanda ya je ma ba mu sani ba, don asibitin ido ba ya maido mana da amsa, mu ma ba ma tambaya.

Hajiya Incaji, abin da muka yi a wurinmu ba kuɗi ya ci ba. Littafin rajistar masu suga muka ja wa layi biyu da biro: ranar da aka duba ido, da abin da aka gani. A bangon kowace folda kuma, in ba a duba mutum cikin shekara ba, mai ba da kati ya manna jan tef. Duk wanda folda mai jan tef ta zo hannunsa ya san akwai magana. Takardar turawa kuma muka raba ta biyu, rabin ƙasa na likitan ido ne ya cike, majinyaci ya dawo mana da shi. Kuma mun daina cewa "ka samu lokaci ka je". Muna kiran nas ɗin can a waya, a gaban mutumin, a tsayar da rana. Bambancin "ka je" da "ranar Laraba 12 ga wata, ka nemi Sista wance" ba kaɗan ba ne.

Ban ce kowa na zuwa ba. Amma yanzu na san waɗanda ba su je ba, da sunansu.

'Yar_Zazzau:
Ni fa ku yi haƙuri, ina da ja a kan wannan turawar. Mahaifiyata tana gani da idonta, ko da ba sosai ba, aka ce sai an yi mata leza. An yi sau biyu. Bayan wata uku idon ya tafi gaba ɗaya. Yanzu duk danginmu ba wanda zai yarda a haska masa wannan wutar. Ƙanwarta ma tana da suga, ta rantse ba mai taɓa mata ido. Me zan ce mata?

Hajiya_Mai_Atamfa:
Wallahi mu ma haka ake faɗa a unguwarmu, wai ƙona ido ake yi.

Nas_Ta_Ido:
@'Yar_Zazzau Allah ya ba Mama haƙuri, ya sa kaffara ne. Ban ga idonta ba, don haka ba zan yanke hukunci a kan abin da ya faru ba. Amma zan faɗi abin da nake gani a wurin aiki. Yawancin masu zuwa mana sai ido ya kusa tafiya suke zuwa. Leza ba ta dawo da ganin da ya tafi, aikinta tsayar da waɗancan sababbin jijiyoyin kafin su fashe ko su janye tantanin daga mazauninsa. In an makara, a yi lezar, ciwon ya ci gaba da tafiyarsa, sai a ce leza ce. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa.

Kuma laifinmu na nan a ciki, ba na ɓoyewa. Ba ma zama mu yi bayani. Ya kamata a gaya wa mutum tun farko cewa leza na iya rage masa gani ta gefe da ganin dare, an sadaukar da gefe ne don a tsirar da tsakiya. In tsakiyar ce ta kumbura, allura ake yi a cikin idon, irin su Avastin, kuma ba sau ɗaya ba ce, ana maimaitawa. In jini ya cika ido ya ƙi washewa sai tiyata. Duk wanda aka yi wa ba tare da ya san wannan ba, dole ya ga an cuce shi.

Ita Gwaggo ki ce mata dubawa kawai za a yi, ba mai yi mata komai sai da yardarta. Mafi yawan waɗanda ake dubawa da wuri ba leza ba allura, gida suke komawa.

'Yar_Zazzau:
Na gode Anti. Gaskiya ita Mama sai da ta fara laluben ƙofa muka kai ta. Zan gwada yi wa Gwaggo magana, amma na san halinta.

Injiniya_Sola:
Ni mamaki nake har yanzu ana maganar takarda da jan tef. Akwai kyamarar hannu yanzu da ake haɗawa da waya, a Indiya ake ƙera wasu, irin na kamfanin Remidio, har da manhajar da ke karanta hoton ba tare da intanet ba. A Amurka tun 2018 hukumar kula da magungunansu ta amince da wata manhaja, IDx-DR, da ke duba hoton ta ba da amsa da kanta ba sai likitan ido ya gani ba, kuma don ƙananan asibitoci aka yi ta. A sa guda ɗaya a kowace ƙaramar hukuma, a haɗa mata sola, ta riƙa zagayawa. Kawu ba sai ya cire takarda daga hula ba, a inda yake karɓar magani za a ɗauke shi hoto.

Likitan_Suga:
Injiniya ina tare da kai rabi. Kawo dubawar inda majinyaci yake ya fi tura shi, wannan ba gardama. A Ruwanda ƙungiyar Orbis ta gwada: waɗanda manhaja ta ba su sakamako nan take, suka ga hoton idonsu, sun fi zuwa asibitin da aka tura su a kan waɗanda aka ce su jira amsa ta biyo baya. Gani ya kori ji.

Amma ka karanta abin da ya faru a Tailan. Google sun kai tasu manhajar asibitoci 11, a ɗakin gwaji ba ta da na biyu. Da aka shiga asibitin gaske, wajen hoto ɗaya cikin biyar ta ƙi karɓa, don ɗakunan da haske, ga intanet na rarrafe, layi ya taru a kan nas. A nan kuma ƙara da yanar ido, wadda ke tare hoton gaba ɗaya, ga ƙurar hunturu, ga wanda zai gyara in ta lalace. Na ga na'urori masu tsada a sito an lulluɓe su da zani don batir ɗaya ya mutu.

Sannan kyamara ba ta magani. In ta ce mutum ashirin na buƙatar likita, mun dawo kan hular Kawu.

Kawu_Fansho:
Hular nan tawa dai ta shiga uku yau.

Injiniya_Sola:
Likita na yarda, amma tura mutum ashirin ya fi sauƙi a kan tura ɗari. Su tamanin ɗin an hutar da su kuɗin mota.

Bamaraɗe_227:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Mu nan Maraɗi diyabet muke ce ma ciwon. Matsalar guda ce. A CSI, wato ƙaramin asibitinmu na ƙauye, majo, shugaban ma'aikatan jinyar wurin, zai gwada ma sukari ya ba ka magani, batun ido sai ka shigo gari. Mutanen ƙauye kuwa sai an ji sanarwa a rediyo cewa masu aikin ido kyauta sun zo sannan a cika mota. To su waɗannan yana suka zo cirewa. Wana an cire mashi yana, aka buɗe ido, bai gani ba yadda ake so, sannan aka ce ai sukari ya riga ya ɓata baya. Da ana tambayar masu diyabet a ware su a layi daban a duba masu baya tun a nan, da an rage.

Nas_Ta_Ido:
Wannan shawara ce mai kyau Malam. Dalilin da ya sa hankali ya tafi kan yana shi ne ita ce kan gaba. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya samu kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma yana ce ta fi kowane dalili. Amma a wannan binciken dai, kusan rabin waɗanda aka samu da suga ba su ma san suna da shi ba. Yana in an cire gani ya dawo. Na suga in ya tafi, sau da yawa ya tafi ke nan.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Ku maza kuna ta lissafin mota. Mace fa sai ta nemi izini, ta nemi kuɗi, ta nemi mai zama da yara, ta nemi mai raka ta. In ta ce wa maigida za ta asibitin ido ya ce me ya samu idon, ta ce ba komai, to magana ta ƙare. Incaji ki riƙa kiran mazan kina gaya musu da bakinki, sun fi jin maganar mai farin kaya.

Sannan ni an ba ni rana cikin azumi na ƙi zuwa, don an ce ɗiga magani a ido na karya azumi.

Abu_Hafsa:
Ba ya karyawa Hajiya. Ido ba mashigar abinci ba ce, malamai da yawa sun yi fatawa a kai.

Almajirin_Zaure:
Malam a yi a hankali. A littattafanmu na Malikiyya, abin da aka sa a ido in ɗanɗanonsa ya kai maƙogwaro akwai ramuwa, ko kwalli ne. Kada ka sa baiwar Allah ta yi abin da zuciyarta ba ta natsu da shi ba.

Abu_Hafsa:
Ai saɓani ne, ba ijma'i ba. Kuma lalura fa?

Nas_Ta_Ido:
Ni ba malama ba ce, kowa ya tambayi malaminsa. Abin da na sani a aikina: akwai 'yar ƙofa a kusurwar ido ta wajen hanci, ta nan hawaye ke gangarawa maƙogwaro. In an ɗiga magani ka rufe ido ka danne wurin da yatsa minti ɗaya zuwa biyu, yana rage gangarawar ƙwarai. Amma mafi sauƙi, dubawar shekara ba ta gaggawa ba ce, a ba mutum rana kafin azumi ko bayan salla. Wanda jini ya zubar wa a ido ko ganinsa ya faɗi farat ɗaya, wannan kam ba ya jiran salla.

Admin_Zaure:
Malamai a dawo kan hanya don Allah. Mas'alar azumi a buɗe mata nata zaren.

Ungozoma_Binta:
Kafin a wuce, ba wanda ya ambaci masu ciki. Matar da dama tana da suga kafin ta samu ciki, cikin na iya hanzarta ɓarnar idon, ya kamata a duba ta a watanni ukun farko. Su kuma suna zuwa awo da ƙafarsu, ba sai an neme su ba. Ban da wadda sugan ciki ne kawai ya same ta, ita ba a buƙata.

Jami'in_Lafiya_Ɗan_Ƙauye:
Duk na karanta. Likita ka ce a ja layi, a manna tef, a kira waya. Da katin wa? Mu biyu ne a asibitinmu, ni da wata, sai masu sa kai. Rigakafi namu, awon ciki namu, zazzaɓi namu, tamowa namu, rahoton wata kala-kala namu. Kuma a duk fom ɗin da nake cikewa ana karɓa a ƙaramar hukuma, ba inda aka tambaye ni masu suga nawa aka duba wa ido. Abin da ba a tambaya ba kuwa kowa ya san makomarsa.

Amma zan faɗi abin da ya yi mana aiki sau biyu. Masu sugan da kansu suka yi karo-karo kamar adashi, muka ɗauki shatar bas guda, na yi magana da asibitin ido suka ware mana safiyar Alhamis. Mutum goma sha huɗu. Wanda zai ji tsoro shi kaɗai, a cikin 'yan uwansa sai ya dake. Da za mu dawo duk an ɗiga musu magani, rana na kashe musu ido, kowa ya rufe fuska da rawani ko mayafi, direba ya ce kamar ya ɗauko amare. Uku aka riƙe za a yi musu aiki. Tafiya ta uku da muka shirya ta rushe, kuɗin mai ya tashi, rabi suka janye.

Likitan_Suga:
Ɗan_Ƙauye maganarka ta fom ita ce gaskiyar da ta fi ɗaci. Ban da amsarta. Amma dabarar bas ɗin nan zan sata.

Tsohon_Soja_Bompai:
To wannan na ji, ba wasiƙa ba. Amma ku gaya min, ita 'yar fitilar da likitoci ke leƙa ido da ita, me zai hana a koya wa su Incaji su riƙa leƙawa da kansu?

Nas_Ta_Ido:
Ana koyarwa Baba. Akwai ma wata mai araha, Arclight, da aka ƙirƙira a jami'ar St Andrews ta Sukotlan, da hasken rana take caji, ta shiga aljihu. Tana da amfani wurin gano yana da manyan abubuwa. Sai dai ƙaramin wuri take nunawa a lokaci guda, kamar leƙen ɗaki ta ramin makulli, kuma in ba a buɗe ƙwayar ido da magani ba abin da za ta wuce bai gani ba yana da yawa. Tsorona kada a leƙa a ce wa mutum lafiya lau, ya tafi ya kwanta shekara biyar. In za a yi, a yi da horo, kuma wanda aka ɗiga wa maganin a gaya masa kada ya tuƙa mota ko babur na wasu awanni, in kuma ido ya kama ciwo mai tsanani da ja ya dawo a ranar.

Baban_Ummi_Kurna:
To a Kano ina ake zuwa? Kada in je inda za a karanta min allo a sallame ni.

Malam_Na_Kemis:
Akwai sashen ido a asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala, akwai asibitin ido na ECWA a Sabon Gari, wanda tun 1943 yake, akwai na Makka. 'Yan Kaduna kuma ga Cibiyar Ido ta Ƙasa. Ko ina ka je ka faɗa da bakinka: ina da suga, bayan ido na zo a duba. Ka tafi da baƙin gilashi da wanda zai tuƙo ka.

Incaji_Maman_Sadiq:
Na gode ƙwarai jama'a, ban zaci zaren zai yi tsawo haka ba. Jiya Talata na ja layi biyun a rajista. Jan tef ban samu ba, jan biro na sa na yi da'ira a bangon folda. Na gwada kiran mazan mata uku kamar yadda Hajiya ta ce, biyu sun amsa da to, ɗaya ya ce in dai ba ni zan biya ba in bar masa matarsa.

Da na yi maganar bas a layi, wata tsohuwa ta ce ita ba za ta ba, in an duba aka ga abu ina kuɗin allurar? Gara ba ta sani ba. Na buɗe baki na rasa abin da zan ce mata, don na san kuɗin allurar ya fi ƙarfinta nesa ba kusa ba.

Baba tela an gan shi. Sun ce za a jira jinin na dama ya ɗan kwanta a ga ko sai tiyata, na hagun za a fara masa leza sati mai zuwa. Jikan ya ce ya sa an rufe keken ɗinkin da buhu, wai kada ƙura ta shiga kafin ya dawo.

'Yar_Zazzau:
Allah ya tashi kafaɗunsa. Don Allah a yi masa bayanin lezar sosai kafin a fara.

Likitan_Suga:
Hajiya ki ce wa tsohuwar, ko ba kuɗin allura, in an ga abu da wuri akwai abin yi a hannunki: a matsa wa suga da hawan jini, wannan kaɗai na rage saurin ciwon. Amma na san ba cikakkiyar amsa ba ce. Akwai wanda ya san ko inshorar lafiya ta jiha na ɗaukar leza ko allurar ido? Wanda ya taɓa amfani da ita nake so ya faɗa, ba wanda ya ji an ce ba.

Kawu_Fansho:
Ni dai wata shidan da aka ce in dawo ya cika tun watan jiya. Yanzu na tuna. Ɗan_Ƙauye, bas ɗin nan taku ta wace hanya take bi?